Allon zane ko kwamfuta mai naɗewa: wanne mai aiki daga gida zai saya?

Wata 'yar'uwa daga Zariya ce ta aiko da tambayar. Ta samu aiki daga gida da wani kamfanin buga littattafan yara na ƙasar waje, ita za ta riƙa zana hotunan ciki, da yamma kuma tana koya wa yara lissafi ta Zoom. Kwamfutar cinyarta mai inci 15 ce, Core i5, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 8, shekararta huɗu a hannunta kuma ta fara nauyi. Har yanzu a takarda take zane, ta ɗauka da waya, ta bi layin da maus. Kuɗin da ta tara abu ɗaya za su saya: ko allon zane irin na Wacom da Huion, ko ta sayar da kwamfutarta ta cika ta ɗauko tokumbo mai naɗewa, wadda ake juya sikirin ɗinta baya a yi rubutu a kai da alƙalami. Mai shago ya ce ta ɗauki mai naɗewar ta huta, tunda ta haɗa biyun.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya wa wannan aiki albarka.

Kada ki sayar da kwamfutarki. Ki sayi allon zane marar sikirin, matsakaici, canjin da ya rage ki ƙara wa kwamfutar RAM, in kuma har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a cikinta ki sa mata SSD, wato ma'ajiyar fayil ta zamani mai sauri. Shawarata ke nan. Amma tunda kuɗinki ne ba nawa ba, bari in faɗa miki dalili, in kuma nuna miki inda mai shagon yake da gaskiya, don ba duk maganarsa ce ta neman ciniki ba.

Abubuwa biyun nan da kike aunawa ba jinsi ɗaya ba ne. Allon zane ba kwamfuta ba ne, ɗan'uwan maus ne: faranti ne baƙi da alƙalami, ki jona shi da kwamfuta ta USB, ki yi zane a kansa, layin ya fito a sikirin. Ba ya ajiye komai, ba ya buɗe manhaja. Mai naɗewa kuwa cikakkiyar kwamfuta ce da aka ƙara mata iya karɓar alƙalami. Saboda haka tambayoyi biyu ne suka cakuɗe miki. Ta farko, kwamfutar da kike da ita za ta iya ɗaukar aikin? Ta biyu, wane alƙalami ne ya dace da hannun mai zane? Mai shago ya ba ki amsa ɗaya ga tambayoyi biyu, kuma a duka biyun amsar ba ta cika ba.

Mu fara da alƙalamin, don a nan ne bambancin yake, kuma a nan ne masu sayarwa ba sa tsayawa bayani. Allunan zane kusan duka, na Wacom ta Japan da na Huion da XP-Pen da ake ƙerawa a Shenzhen ta ƙasar Sin, suna amfani da fasahar da ake kira EMR. A ƙarƙashin farantin akwai raga ta siraran wayoyi da ke fitar da ƙarfin maganaɗisu. A cikin alƙalamin akwai naɗaɗɗiyar waya da ke zuƙar wannan ƙarfin ta mayar wa allon da amsa, daga amsar allon yake gane inda tsinin yake da yadda kika danna da yadda kika karkata hannu. Shi ya sa alƙalamin ba shi da batir, ba a cajinsa, ba shi da nauyi. Ragar nan don alƙalami kaɗai aka yi ta, ba ruwanta da yatsa.

Yawancin kwamfutoci masu naɗewa wata hanya suka bi. Sikirin ɗinsu don yatsa aka tsara shi tun farko, sai aka yi alƙalami mai batir da ke aika sigina ga wannan ragar ta yatsa. Iri biyu ne suka fi yawa: AES na kamfanin Wacom, da MPP na Microsoft, wanda ya samo asali daga kamfanin N-trig da Microsoft ta saya a 2015. Abin ban sha'awa, kwamfutocin Microsoft, Surface Pro na farko a 2013 da na biyunsa EMR suke amfani da shi. Daga Surface Pro 3 a 2014 aka sauya, aka samu sikirin da ya fi siranta, masu zane da yawa kuma suka yi ta ƙorafi. Dalilin ƙorafin shi ne ramukan ragar yatsa suna da faɗi idan aka kwatanta da tsinin alƙalami, don haka in tsinin ya faɗa tsakanin waya da waya sai kwamfutar ta yi kintace. In kina rubutu da sauri ba za ki lura ba. Amma ɗauki rula, ki ɗora a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, ki ja layi a hankali kamar yadda kike yi in kina fitar da gefen fuskar yaro ko lanƙwasar mayafi. Za ki ga layin yana karkarwa, kamar wanda aka ja da hannun mai jin sanyi, alhali rula ce kika bi. Sababbin samfura sun rage wannan matsala sosai, amma tokumbon da kuɗinki zai kai ba sabon samfuri ba ne.

Akwai kuma ƙarfin da alƙalami yake buƙata kafin ya fara fitar da tawada. Mai zane yana fara layi da shafa mai laushi, kamar fensir da ya ɗan taɓa takarda, sannan ya ƙara nauyi. Alƙalamin EMR mai kyau yana jin wannan shafar. Masu batir da dama sai an ɗan danna kafin su farka, sai farkon layinki ya ɓace ko ya fara da kauri. A kwali kowa zai rubuta miki matakan dannawa: 4096, 8192, har 16,384 da XP-Pen ta fito da shi a 2023. Kada lambar ta ɗauke miki hankali. Daga 4096 zuwa sama, ni dai hannuna bai taɓa jin bambanci ba, kuma ban ga mai zanen da aikinsa ya gyaru don lambar ta ninka ba. Yadda alƙalamin yake jin shafa ta farko da yadda layi ke tafiya a miƙe, su ne abin dubawa, su kuwa ba a rubuta su a kwali.

In yi adalci, akwai masu naɗewar da ke da EMR, kamar jerin Galaxy Book 360 na Samsung masu amfani da S Pen. Alƙalaminsu yana da daɗin zane. Sai dai ba su cika yawa a kasuwar tokumbo ba, wadda EliteBook x360 da ThinkPad Yoga da Latitude suka cika, kuma waɗannan don ma'aikatan ofis aka yi su, masu sa hannu a takarda da ɗaukar bayanin taro.

Yanzu ki yi tunanin zamanki a teburin aiki, don aikin gida awanni ne masu yawa a wuri ɗaya. Kafin ki yi zane a kan mai naɗewa sai kin juya ta, kibod ya koma ƙasa ya mutu. Hannunki na hagu, wanda ya kamata ya zauna kan Ctrl da Z don goge kuskure, da maɓallan ƙara girman buroshi da matso da hoto, ya zama ba shi da aiki. Duk abin da maɓalli ɗaya zai yi sai kin ɗaga alƙalami kin je kin nemo shi a menu. Mai zanen littafi yana goge layi sau ɗaruruwa a yini, ki lissafa. Maganin shi ne ki sayi wani kibod na Bluetooth ki ajiye a gefe, to kin ga abin da aka ce ya haɗa komai ya fara neman ƙari.

Sai kyamara, wadda kusan kowa ke mantawa da ita sai ranar taron farko. Kyamarar a goshin sikirin take. In kin kwantar da sikirin kan tebur don ki rubuta lissafi, abin da ɗalibanki za su gani shi ne silin da fanka, ko ƙasan haɓarki. In kin tsayar da ita don su ga fuskarki, to rubutu a tsaye za ki yi kamar mai rubutu a bango, sikirin yana rawa duk lokacin da alƙalami ya taɓa shi, kafaɗa ta gaji kafin minti goma. Da allon zane kuwa kwamfutar tana zaune yadda aka san ta, kyamara na kallon fuskarki, idonki na kan sikirin, hannun dama na rubutu a ƙasa, na hagu na kan kibod. Ki buɗe farin allon Zoom, ko OneNote, ko Xournal++ wadda kyauta ce kuma tana rubutu a kan PDF, yara su ga lissafin yana fitowa suna kuma ganin malamarsu. Wuyanki ma zai gode miki, don duk wanda ya yi shekaru yana sunkuye kan sikirin ya san ciwon da nake nufi.

Mu dawo tambaya ta farko, ta ƙarfin kwamfuta. Littafin da za a buga ana zana shi a ɗigo 300 a kowane inci. Shafin A4 a haka ɗigo 2480 ne a faɗi, 3508 a tsawo. Kowace leya cikakkiya, wato kowane shimfiɗin zane da kika ɗora kan wani, tana cin kimanin megabait 35 na RAM. Shafi biyu a haɗe, irin hoton da ke ratsa tsakiyar littafin yara, ninki biyu ne, kusan 70. Ki yi leya arba'in a irin wannan shafi, ki ƙara tarihin abin da kika goge wanda manhajar ke riƙewa, ga Chrome a buɗe, ga Zoom, ga Windows kanta. Gigabait 8 ba za su yi numfashi ba. Nauyin da kike ji a kwamfutarki, mai yiwuwa daga nan yake, ba tsufa ba ne. Adobe da kansu 16 suke ba da shawara ga Photoshop.

To ga inda gizo ke saƙar. Kwamfutocin cinya masu inci 15 irin taki, da yawansu RAM ɗinsu a rami yake, mai gyara ya buɗe bayanta ya ƙara wani cikin minti goma. Masu naɗewa sirara kuwa, irin su X1 Yoga da EliteBook x360 1030, an like RAM ɗinsu da dalma a jikin bod. In mai 8 kika saya, da 8 za ta mutu. Tokumbon da ya fi yawa a kasuwa kuwa mai 8 ne, mai 16 kuɗinsa daban. Wato za ki iya sayar da kwamfutar da ake iya ƙara wa ƙarfi, ki cika kuɗi, ki sayo wadda ba a iya ƙara mata, matsalarki tana nan inda take. Ƙari a kan haka, jiki siriri ba ya fitar da zafi da kyau. A watan Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kusantar digiri 40, furosesa zai rage gudu da kansa don kada ya ƙone, buroshi ya fara bin alƙalami a baya, tafin hannunki kuma yana kan gilashi mai ɗumi yana gumi.

Launi ma abin dubawa ne. Masu naɗewa na ƙasa-ƙasa da yawa sikirin ɗinsu ba ya nuna ko kashi biyu cikin uku na launukan ma'aunin sRGB. In kin ga an rubuta 45% NTSC a bayanin kwamfuta, shi ke nan. Ja zai fito miki kamar ruwan goro, ki ƙara masa ƙarfi, editan da ke can ya buɗe a nasa sikirin ya ga kin zuba launi kamar kayan sallah. Wannan aibi zai iya kasancewa a kwamfutarki ta yanzu ma, ba na wanke ta. Bambancin shi ne in kin riƙe ta, nan gaba ki sayi sikirin na tebur mai launi daidai ki jona, allonki ya ci gaba da aiki a kansa. Kafin nan, ki riƙa tura hoton zuwa wayarki kina kwatantawa, sikirin ɗin waya mai kyau ya fi na kwamfutoci masu araha gaskiya.

Abin da ya fi sa ni tsayawa kan wannan ra'ayi kuwa, a jikina na koye shi. Na taɓa yin aiki da mai naɗewa ita kaɗai, ina alfahari da cewa jakata ba nauyi. Wata rana ana saura kwana uku in miƙa aiki, wani zirin sikirin daga sama zuwa ƙasa, faɗin yatsa biyu, ya daina jin alƙalami. Siririyar wayar da ke ratsa hinji, wadda masu gyara ke kira fileks, ita ce ta gaji da naɗewa da buɗewa. Mai gyara ya ce sai dai a sauya saman gaba ɗaya, gilashi da sikirin da ragar a manne suke, kuma sai an aiko da shi daga Legas. Na rasa alƙalami, na kuma rasa kwamfuta, a rana ɗaya, domin abu ɗaya ne. Allon zanen da na saya bayan nan ya ga kwamfutoci uku sun zo sun wuce, abin da na taɓa sauya masa tsinin alƙalami ne kawai, su kuma a kwali ake ba da na ƙari. In kwamfutarki ta lalace, ki ɗauki allonki ki jona a ta maigida ko ta ƙanwarki, ki sauke direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon, aiki ya ci gaba. Na Huion da XP-Pen da yawa ma suna aiki da wayar Android ta ɗan mahaɗin OTG, ki buɗe ibisPaint ki yi zanen farko ko batirin kwamfuta ya mutu.

Ba zan ɓoye miki wahalar allo marar sikirin ba. Kwanakin farko za ki ji kamar an ba ki hannun wani. Kin saba ido da hannu suna wuri ɗaya a takarda, yanzu hannu na ƙasa ido na sama. Da'irarki za ta fito kamar ƙwai, ki ce kin yi asarar kuɗi. Duk waɗanda na koya wa sun wuce wannan mataki, akasari cikin mako ɗaya zuwa biyu, da sharaɗi ɗaya: ki cire maus ki jefa a durowa. Komai da alƙalami za ki yi, buɗe fayil, karanta imel, rufe taga. Wanda ya ajiye maus a gefe yana komawa kansa duk lokacin da ya ƙosa, wata uku ma ba zai saba ba. Kuma ki tuna ke da maus kike bin layi yanzu, ido a sama hannu a ƙasa; rabin horon kin riga kin yi shi ba ki sani ba.

Ƙwan nan da na ambata, wani lokacin ba laifin hannunki ba ne. In siffar allon ba ta yi daidai da siffar sikirin ba, direba yana miƙe motsin ta gefe ɗaya. A cikin saitin direban akwai wurin da ake daidaita su, a na Wacom sunansa Force Proportions, sauran ma suna da makamancinsa. Ki kunna shi tun ranar farko. Ki ajiye allon a miƙe daidai gaban sikirin, kada ya karkace. In dannawa ta ƙi aiki a wata manhaja, ki duba akwatin Windows Ink a direban, kunna shi ko kashe shi yana warware yawancin wannan rigima. Kuma kada ki tara direbobin kamfanoni biyu a kwamfuta ɗaya, faɗa suke yi.

Game da girma, ƙaramin Intuos filin zanensa milimita 152 ne da 95, kamar tafin hannu biyu, matsakaicin kuma 216 da 135. Don koyar da lissafi kaɗai ƙaramin ya isa. Don zane, ki ɗauki matsakaici, saboda a ƙarami da wuyan hannu kaɗai ake ja, ƙaramin motsi ya zama babban layi a sikirin. Babba kuwa cin tebur ne kawai ga mai sikirin inci 15. Matsakaitan Huion Inspiroy da XP-Pen Deco ana samunsu ƙasa da dala 100, kuma aikinsu ya ishi ƙwararre. Wacom ya fi tsada, direbansa ya fi kwanciyar hankali, alƙalaminsa ya fi juriya. In kuɗin bai kai ba kada ki ci bashi dominsa. Mai waya ya fi mai Bluetooth sauƙi da arha, ba kuma wani batir da za ki riƙa tunawa da shi. Lokacin hunturu ki riƙa rufe shi da ƙyalle, ƙurar nan ita ce ke cinye tsini tana karce farantin.

To ina gaskiyar mai shagon? Mai naɗewa tana da mutanenta. Malamin jami'a da ke duba kundin ɗalibai yana jan layi da jar tawada a PDF, injiniyan da ke zagaya wurin gini da zane a hannu yana gyara awo a tsaye, ma'aikacin da yininsa taro ne da sa hannu, wanda ba shi da tebur na kansa yana yawo daga ɗakin karatu zuwa gidan abokinsa yana bin inda wuta da sabis suke: duk waɗannan mai naɗewa ta fi musu. Rubutu suke yi, ba zane ba, karkarwar layi ba ta dame su ba, kuma allo da wayarsa kaya ne a gare su. Haka wanda ba shi da kwamfuta ko ɗaya, tunda allon zane shi kaɗai faranti ne kawai. Da haka kike, da na ce ki sayi kwamfuta tukuna, mai naɗewa ko akasin haka, allo ya biyo baya.

Ta fuskar wuta ma tana da abin faɗa. Masu naɗewa na ofis ba sa shan wuta da yawa, kuma galibinsu ana cajinsu ta USB-C da cajar wat 45 ko 65, don haka fawabank mai PD, wato tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C, zai iya ciyar da su in an ɗauke wuta ana tsakiyar darasi. Fawabank mai 20,000mAh kimanin wat-awa 74 yake ɗauka, abin da ke isa kwamfutar bayan asara ya kai cika batirinta sau ɗaya ko kusa da haka. Tsohuwar kwamfutarki mai caja mai zagayen baki ba lalle ta samu wannan gata kai tsaye ba. Sai dai allo marar sikirin shi kansa wutar da yake ja ba ta fi ta maus da wani abin kirki ba, don haka bai ƙara miki nauyi ba. Sabon batir ga kwamfutar da kike da ita, ko ƙaramar inbata da sola nan gaba, ya fi sauya kwamfuta gaba ɗaya arha, inbatar kuma za ta riƙe miki har da na'urar intanet, wadda in ta mutu ƙarfin batirin kwamfuta bai amfana miki komai ba.

Na san za ki ga allunan zane masu sikirin, irin su Kamvas 13 da Artist 13 da Wacom One, ranki ya biya. Alƙalaminsu EMR ne, kina zane kina ganin layi a ƙarƙashin tsini. Suna da kyau, amma su ma sai da kwamfuta, suna zuwa da tarin wayoyi, HDMI da USB da ta wuta, sai in ramin USB-C na kwamfutarki yana fitar da hoto, wanda ba kowanne ke yi ba. In babu wuta kuma batirin kwamfutar suke sha. Ki bar wannan sai aikin ya fara biya. iPad da Apple Pencil, tun fitowar alƙalamin a 2015, sun zama abin so ga masu zanen littattafan yara saboda manhajar zane ta Procreate, kuma alƙalamin ba shi da abin kushewa. Amma ƙari ne a kan kwamfuta, ba madadinta ba. Photoshop na iPad bai kai na kwamfuta ba, kuma in kamfanin ya ce ki tsara shafi ko ki miƙa fayil a wata manhajar tebur, dole ki koma.

In duk da haka zuciyarki na kan mai naɗewar, to kada ki saya ta waya, ki je da ƙafarki, gani ya kori ji. Ki fara da furosesa: in Intel ne, kada ya gaza zubi na 8, wato 8th Gen, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 take farawa, ban da 'yan tsiraru. EliteBook x360 1030 G2 da X1 Yoga na biyu zubi na 7 ne, shi ya sa za ki ga farashinsu ya yi daɗi. Kamfanonin waje da dama ba sa yarda a taɓa fayilolinsu da tsarin da ya daina samun gyaran tsaro. Wannan gwajin ki yi wa kwamfutarki ta yanzu ma, don in ta gaza shi, to lissafin ya sauya, sabuwar kwamfuta ta zama dole ko ba yau ba. RAM kada ya gaza 16. Sannan ki sani ba duk sikirin da ke jin yatsa ne ke jin alƙalami ba, kuma alƙalamin AES ba ya aiki a sikirin MPP, ko da tambarin kamfani ɗaya ne a jikinsu. HP kanta tana da masu wannan da masu wancan. Bamboo Ink na Wacom yana jin yaren biyun, in kin rasa na asali. Ki tambayi irin batirin alƙalamin, don wasu AAAA suke ci, siriri wanda ba kowane mai shago a unguwa ya taɓa gani ba. Kada ki yarda da "alƙalamin yana zuwa gobe". A gabanki za a gwada. Ki buɗe Paint ki cika sikirin da layuka tsaye da kwance har bakin kusurwa huɗu, ki ga ko akwai inda layi ke yankewa. Ki yi gwajin rula. Ki naɗe ta ki buɗe sau da yawa kina kallon ko hoto zai ƙifta. Sannan a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa, mai shago ba ya iya musu da wannan.

Kafin ki kashe ko sisi, abu biyu za ki yi a wannan makon. Ki rubuta wa editanki ki tambaye shi irin fayil ɗin da suke karɓa, girman shafi, da ko tsarin launi na CMYK suke so ko na RGB. In PSD mai leya ne, wato fayil irin na Photoshop, Krita wadda kyauta ce da Clip Studio Paint duk suna fitar da shi, ba dole sai kin biya kuɗin wata-wata na Adobe da dala ba. Ki kuma tambaye shi ko za su ba ki kwamfutar aiki, don in za su bayar, sau da yawa a kulle take, sai sashen fasaharsu ya yarda kafin direban allo ya shiga. Na biyu, ki danna Ctrl da Shift da Esc, ki shiga Performance, ki duba Memory: a ƙasa zai nuna ramukan RAM nawa ne da nawa aka cika. In kin ga ɗaya cikin biyu, ki ɗauki hoton shafin da lambar samfurin da ke bayan kwamfutar ki kai wa mai gyara, ya nemo miki wani gigabait 8 irin wanda ke ciki.